Tokar Mazi Polikap da Ta Ƙi Wankuwa

A cocin Waliyyi Barnaba na Umudara babu aikin da Mazi Polikap Udenze bai iya ba, in dai daga bakinsa za ka ji labarin. Shekara biyu ya yi yana buɗe ƙofa a gidan Bishof tun yana saurayi, to shekara biyun nan yake ta ja kamar roba har yau da sanƙo ya cinye masa tsakiyar kai. In mawaƙa suka ɗauki waƙa, sai ya girgiza kai ya ce a gidan Bishof ba haka ake hawa da murya ba. In aka kunna turare, ya ce hayaƙin ya karkace. Har ƙararrawar coci ya taɓa cewa mura take yi.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, jar ɗamarar shugaban dogaran coci. Dogaran nan su ne masu tsayawa tsakanin benci, su nuna wa kowa wurin zama, su tashi mai gyangyaɗi. Shugabansu shi ke rataya jar ɗamara daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya wuce gaban Fada, limamin cocin, ranar biki. Tsohon da ke riƙe da ita gwiwa ta kayar da shi, Fada Anselm kuwa ya sanar cewa ranar Lahadin farko na azumi zai rataya wa wani. Mutum biyu ake ambata: Polikap, da Siriyakus kafinta, wanda in ka tara maganar da yake yi a shekara ba za ta cika kofin shayi ba.

"Siriyakus?" in ji Polikap. "Mutumin da ko akuya ba ta matsa masa a hanya? Shi zai tashi mai barci? Ai sai dai ya zauna kusa da shi ya taya shi."

Lahadin ƙarshe kafin azumi aka taru gindin mangwaro bayan an tashi sujada. Madam Skolastika, shugabar zumuntar mata, ta miƙe ta gyara ɗankwalinta mai hawa uku.

"Ni dai bana ba zan ƙara shan kunya ba. Kowace Larabar Toka haka ake yi mana. Tokar Katikis fara sol kamar hodar jariri, kafin mu isa kasuwar Nkwo gumi ya wanke ta. Sai matan Amaokpu, maƙwabtanmu, su zo da nasu gicciyen baƙi ƙirin a goshi, su lanƙwasa wuya su ce, 'Ayya, Daa Skola, bana ma ba ku samu zuwa coci ba?' Ni! Ni da nake riga tsintsiya shiga coci!"

Katikis Bato, malamin cocin, wanda ya shekara ashirin yana ƙona tokar, ya yi tari ya ce, "Toka dai toka ce, Madam. Tuba aka je yi, ba kwalliya ba."

Polikap ya tashi a hankali, ya kakkaɓe wandonsa. "Katikis, da girmanka, amma ƙona toka ilimi ne. A gidan Bishof akwai tokar da muka shafa wa wani direba, ya je Legas ya dawo tana nan. Ku bar min aikin bana. In rana ta faɗi ranar Laraba akwai goshi ɗaya fari a Umudara, kada a ba ni ɗamara, a ba ni tsintsiya."

Mata suka yi guɗa. Katikis ya ɗaga kafaɗa ya ce ya ji, ya huta.

Ka'ida dai sananniya ce: ganyen kwakwar da aka tsarkake bara ranar Lahadin Ganye, wanda kowa ya kai gida ya soke a bayan ƙofa, shi ake tarawa a ƙona. Ranar Litinin Polikap ya ari baro ya shiga gari gida gida. Wasu suka ba shi da hannu biyu. Mama Obiageli kuwa ta tare ƙofa da jikinta.

"Mazi, ka ɗauki kujera, ka ɗauki rediyo, amma ban da ganyen nan. Tun da na rataye shi surukata ba ta ƙara kwana a gidan nan ba."

"Za a ba ki sabo nan da mako shida."

"Mako shida! Ka san abin da matar nan za ta iya yi a mako shida?"

Sai da ya yi mata alkawarin shi da kansa zai riƙa tsayawa a ƙofar in surukar ta zo, sannan ta saki.

Talata da la'asar ya shimfiɗa kwanon rufi a harabar coci, ya tula ganyen a kai. Ya sa wata farar doguwar riga da ya ce Bishof ne ya ba shi, matarsa Perpetua kuwa ta ce labulen ɗakinta ne. Ya cinna wuta, ganye ya ci ƙurmus, toka ta kwanta lumui. Da ya kwashe a lokacin, da labarin ya ƙare nan. Amma ya ga mutane sun kai talatin, sai ya ɗaga hannu sama ya fara Latin.

"Dominus, dominus, sekula, sekula..."

"Mazi," in ji Katikis, "hadari."

"Kada ka katse ni a tsakiyar sekula."

"Na ce hadari ya haɗu."

"Hadari ya san da wa yake magana."

Ruwan farko na shekara ya sauko kamar an juye ganga. Jama'a suka watse zuwa baranda. Polikap ya faɗa kan kwanon ya rufe shi da cikinsa, kwano kuwa da sauran zafi, ya yi tsalle ya miƙe yana ihu da yaren uwarsa, Latin ya gudu. Kan ya juyo, toka ta zama baƙin ruwa tana gangarawa kwata, agwagin Katikis suna bin ta suna wasa da baki.

Daga baranda Madam Skolastika ta ɗaga murya: "Mazi, lafiya dai ko?"

Ya tsuguna ya kankare abin da ya maƙale a lungun kwano, bai cika cokali ba. Ya dunƙule a hannu ya miƙe yana murmushi, labule ya manne masa a jiki.

"An wanke ta. Haka ake yi a Roma. Sai an wanke toka kafin a tace."

Gari na wayewa ranar Laraba ya laɓaɓa ya shiga madafin Perpetua. A kan katanga akwai tukunyar ngu, tokar totuwar kwakwa da take jiƙawa in za ta yi kwaɗon rogo, ita ke sa manja ya kama ya yi kauri. Polikap ya ce a ransa, ganyen kwakwa, totuwar kwakwa, ai duk uwa ɗaya uba ɗaya. Ya kwashe ta tas. Amma da ya duba a haske sai ya ga ta fi ta Katikis fari.

Nan ya tuna da maƙwabciyarsu Daa Ugoye, tsohuwar da ita kaɗai ta rage a garin mai zanen uli, baƙin ruwan nan irin katambiri da matan zamanin da suke zane jiki da shi. Jiya ta matse tukunya guda za ta tafi da ita bikin jikarta a wani ƙauye. Ga tukunyar a gindin ayaba, tsohuwa na wanka. Ya miƙa hannu ta kan danga ya ɗauke.

Abin da bai sani ba, don bai taɓa zama kusa da mata ya yi shiru ya kalla ba, shi ne uli ba ya nuna kansa nan take. Ya zuba kaɗan a toka, bai ga baƙi ba. Ya ƙara, shiru. Ya ce tsohuwa ta fara algus, ya juye tokar gaba ɗaya cikin tukunyar ya sa hannu biyu yana cuɗawa. Gumi ya karyo masa, ya share sanƙonsa. Ya sosa kunne. Ya riƙe haɓa yana nazari.

Perpetua ta leƙo, ta kira shi da sunan 'yarsu. "Papa Uju, me kake dama min a madafi tun da safe?"

"Abin Allah ne. Mata ba sa leƙawa."

Ta dubi katanga inda tukunyar ngu take a buɗe, ta dube shi, ta ɗaura ɗankwali ta wuce coci.

A gaban bagadi Fada Anselm ya leƙa tukunyar ya ɗan ja da baya.

"Mazi, me ya sa tokar nan take da danshi?"

"Irin ta Roma ce, Fada."

"Na yi shekara huɗu a Roma. Ban taɓa jin tana ƙamshin kwaɗon rogo ba."

"Wataƙila unguwarku daban."

Mutane sun riga sun jeru har waje, Fada ya yi addu'a ya fara. Yana dangwala babban yatsa, yana zana gicciye a goshi, yana tuna wa kowa cewa ƙasa ce makomarsa. Gicciyen kuwa ya fito dishi-dishi kamar sawun katantanwa. Madam Skolastika ta koma benci ta ciro madubi daga jaka.

"Wannan ai gara ta Katikis!"

Hankalin Polikap ya tashi. Ya raɗa wa Fada ya ƙara dannawa, ya ƙara faɗi. Shi da kansa ya shiga layi sau uku, na ukun ya sunkuyar da kai aka zana masa a sanƙo.

Ba a kai ga waƙar tara sadaka ba ngu ta fara aikinta. Ƙaiƙayi! Daga bencin gaba har na baya sai ƙar-ƙar-ƙar kake ji. Shugabar mawaƙa na kaɗa hannu ɗaya, ɗayan na goshi, waƙa ta tafi da sauri kamar an koro ta. Hedimasta Ignatius ya sosa da yatsu biyar ya shafa har kumatu. Mama Obiageli ta goga goshinta a kafaɗar mijinta. Fada da kansa ya share gumin leɓensa na sama da yatsan aikin. Ranar ko mutum ɗaya bai yi gyangyaɗi ba.

Da rana ta take, uli ya farka. A kasuwar Nkwo goshin mutanen Umudara ya fara duhu, ya yi shuɗi, ya koma baƙi wuluk. Na matan Amaokpu kuwa gumi ya gama da shi. Madam Skolastika ta zagaya rumfunansu sau uku ba ta sayi komai ba.

"Ayya, 'yan'uwa, bana ba ku samu zuwa coci ba?"

Aka ɗauki Polikap a kafaɗa daga layin masu doya har layin masu kifi. Yana sama yana cewa, "Wannan ma na rage mata ƙarfi ne saboda yara."

Alhamis da safe aka yi wanka, gicciye na nan. Aka sa sabulun salo, yana nan. Aka sa soso, lemon tsami, kananzir, wani har da yashi. Kuma ba gicciyen kaɗai ba, duk inda yatsa ya bi wajen susa ya fito. Madam Skolastika ta tashi da layi huɗu daga goshi zuwa kunne kamar kyanwa ta yi mata hukunci. Hedimasta ya shiga aji da tafin hannu cikakke a fuska, aji ya tashi babu ƙararrawa. Fada Anselm ya wayi gari da gashin baki a ɓangare ɗaya, ya aika wa taron limamai cewa ba ya jin daɗi.

Kafin hantsi ƙofar gidan Polikap ta cika. Ya fito, sai aka ja da baya. Sanƙo baƙi, kunne ɗaya baƙi, haɓa baƙa, hannaye har wuyan hannu kamar ya sa safa.

"Mazi Polikap!" in ji Madam Skolastika. "Har faɗuwar rana ka ce. Rana ta faɗi, ta fito, ga ni nan kamar damisa!"

"Yara suna kirana Tafi-da-gidanka," in ji Hedimasta. "Me ka zuba a tokar nan?"

Polikap ya dubi hagu, ya dubi dama, babu hanyar gudu. Sai ya zube a kan gwiwoyinsa ya ɗaga baƙaƙen hannayensa sama.

"Ku durƙusa! Kuna tsaye a gaban mu'ujiza kuna maganar sabulu! Wa ya taɓa ganin tokar da ta fi ƙarfin kananzir? Sama ce ta sa wa Umudara hannu!"

Mama Obiageli ta fara durƙusawa.

"To me ya sa nawa ya kai har kunne?" in ji Madam Skolastika.

"Kowa da girman zunubinsa, Madam."

"Kai fa da fuskarka ta koma gindin tukunya?"

"Ni na ɗauki na jama'a."

Daga cikin gida Perpetua ta ce, "Papa Uju, in mu'ujizar ta lafa ka zo ka faɗa min inda tokar kwaɗona ta shiga." Amma an riga an ɗauki waƙa, babu wanda ya ji.

Ranar Juma'a, lokacin addu'ar Hanyar Gicciye, motoci uku suka zo daga ƙauyukan kewaye. Har matan Amaokpu suka zo, kansu a ƙasa. Polikap ya ɗora tukunyar a kan tebur a ƙofar coci, ya shimfiɗa mata farin ƙyalle, ya kewaye ta da furanni. Baƙi suna goga hankici a sanƙonsa suna ninkewa suna sawa a jaka. Wata ta ce tun da ta taɓa shi ciwon bayanta ya koma ƙafa. Ya ce hanyar fita yake nema.

Fada ya kira shi gefe, hannunsa a kan baki. "Mazi, kada na ƙara jin kalmar mu'ujiza sai an bincika."

"Haka ne, Fada. Ni ma na ce musu su yi shiru. Wasiƙar sanar da Roma fa, ni zan rubuta ko kai?"

Ranar Lahadi coci ya cika har tagogi. Polikap ya zauna a bencin farko da sabuwar farar riga, wadda ya zaɓa don ja ya fito a kanta. Jar ɗamara na ninke a gefen bagadi. Tun ana karatu yake gwada yadda zai sunkuyar da kafaɗa.

Daa Ugoye kuwa ta dawo daga bikin jikarta da safiyar nan, ranta a ɓace, don ta je hannu wofi an yi amarya babu zane. Ta shigo a makare tana dogara sanda, rungume da wani abu a zaninta, ta matsa ta zauna kusa da Madam Skolastika. Kunnenta ya yi nauyi, saboda haka raɗarta ma har bakin titi ake ji. Fada ya gama wa'azi, ya ɗauki ɗamara, ya buɗe baki ke nan, sai aka ji:

"Skola, wa ya yi miki wannan ƙazamin zane?"

"Shhh, Daa, mu'ujiza ce."

"Wa? Mujiza? 'Yar gidan wa ce? Ba ta iya ba." Ta lashi yatsa ta goga goshin Madam ta shinshina. "Wannan ai ulina ne. Ni na matse shi." Ta juya ta dubi benci bayan benci, ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Gari guda! Shekara sittin ina zane, ban taɓa ganin an wulaƙanta uli haka ba. Dubi Hedimasta! Har da Fada? Fada, wa ya yi maka rabin gashin baki?"

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya mayar da ita tari.

Polikap ya miƙe. "A fitar da tsohuwar nan, tsufa ne."

"Ga kuma tukunyata," in ji Daa Ugoye, ta ɗaga ta sama. "Na same ta a ƙofa an yi mata gado da furanni kamar ta mutu. Kai, Poli, nuna min hannunka."

Ya tura hannayen cikin aljihu.

Fada ya ajiye ɗamara a hankali. "Mazi Polikap, ina tokar ganyen da aka tsarkake?"

"Fada, in aka bi ta wani fanni..."

"Tana kwata, Fada," in ji Katikis Bato, da muryar wanda ya jira kwana biyar. "Agwagina ne suka fara azumi da ita."

"To me na shafa wa mutane ɗari bakwai?"

Perpetua ta miƙe daga ɓangaren mata ta gyara zani. "Tokar kwaɗona ce, Fada. Tun Laraba rogo gaya muke ci."

Coci ya kece. Masu hankici suka ciro suna dubawa. Matan Amaokpu suka ɗago kai a karon farko, wuyansu ya fara lanƙwasa. Madam Skolastika ta kama hannun tsohuwa ta yi mata ihu a kunne: "Yaushe zai fita?"

"In mai hankali ya zana, kwana takwas. Wannan da aka juye tukunya guda? Ku gaishe min da Ista."

Sai da dogarai huɗu suka riƙe Madam.

Da ƙura ta lafa, Fada ya hango Siriyakus kafinta tsaye a jikin ginshiƙi. Duk cocin shi kaɗai ne gicciyensa ke zaune tsaf a tsakiyar goshi, layi biyu, babu ko ɗigo a gefe.

"Siriyakus, kai bai yi maka ƙaiƙayi ba?"

"Ya yi, Fada."

"Me ya hana ka sosawa?"

"Azumi ne."

Fada ya sauko da kansa ya rataya masa jar ɗamara. Polikap, da kafaɗarsa ke sunkuye tun ɗazu, ya miƙe ta a hankali kamar dama miƙa yake yi.

Hukuncinsa kuwa, Fada ya ce tunda labari ya riga ya tafi, kowace Juma'a da Lahadi har Ista zai tsaya a mararrabar shiga gari ya mayar da motocin baƙi, ya faɗa musu gaskiya da bakinsa. Sabon shugaban dogarai zai raka shi ya tabbatar.

Juma'ar da ta biyo, mota ta farko ta tsaya cike da mata masu farin ɗankwali da galan-galan na ɗibar albarka. Direba ya leƙo ya ga mutum baƙi da fari kamar zabuwa, bayansa wani shiru-shiru da jar ɗamara.

"Baba, nan ne garin mu'ujiza?"

Polikap ya dubi Siriyakus. Siriyakus ya dube shi. Polikap ya gyara tsayuwa.

"Babu mu'ujiza, ku juya. Ni na haɗa ta da hannuna, ni kaɗai, cikin rabin awa, ko mai riƙe min tukunya babu." Ya matso ya buga ƙofar motar da baƙin tafinsa. "Goshi ɗari bakwai, har da na Fada, yau kwana tara ko gezau. Ku je ku tambaya ko a Roma an taɓa yi."